Wayar fitilun halojin na tana zafi har roba na wari, meye matsalar?

Tambaya: Salam malam, ina da fitilun halojin guda 6 a siling, ƙananan nan masu volt 12, kowanne wat 50, duk a kan taransifoma ɗaya. Idan suka yi kamar awa ɗaya a kunne sai waya ta yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba, har warin roba nake ji, kuma waya 1.5mm aka saka irin ta fitilun gida. Ni da na ɗauka volt 12 ba ta da haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don Allah ka kashe su tun yanzu, kar ka sake kunnawa sai an gyara, warin roba a cikin siling ba abin da ake jira gobe bane.

Volt 12 ba za ta ja ka ba, a nan kana da gaskiya, amma abin da ke dumama waya amfiya ce, wato yawan wutar da ke gudu a cikinta, kuma in wat ɗin bai canza ba, duk yadda volt ya yi ƙasa to amfiya sama take yi. Wat 50 sau 6 wat 300 kenan. Raba 300 da 230 na wutar gida, amfiya 1.3 kacal. Raba 300 ɗin da 12 kuma, amfiya 25! Ita ka ɗora wa waya 1.5mm, kuma zafi ba daidai da amfiya yake ƙaruwa ba, in ta ninka biyu shi sau huɗu yake ninkawa, da lissafi kowace mita ta wannan wayar tana fitar da zafin kusan wat 15, alhali robar PVC da ke jikinta digiri 70 aka yi ta ta ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne bireka ba zai faɗi ba, tunda shi ɓangaren 230 yake gani, a wurinsa komai lafiya lau.

Ka kashe wuta daga bireka sannan ka bi wayar da ido da hannu. In robar ta yi tauri ko ta sauya kala tun daga taransifoma har kwai na farko, daga nan kuma ta fara kyau, to sirantar waya ce, an jona ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya kamar carbi sai guntun farko ya ɗauki nauyin duka shidan. Galibi zaka tarar hasken ma ya yi ja-ja, don a mita 3 kawai kusan volt 2 ke ɓacewa a hanya.

In kuma wuri ɗaya ne ya yi baƙi, bakin kwanekta (mahaɗin wayoyi) ko gindin holda (mazaunin kwan fitila), to jonin ne ya saki. Sukurun da bai ɗauru ba a amfiya 1 zai iya shekara ba a sani ba, a amfiya 25 kuwa narkar da kwanekta yake yi. Ka zare kwan ka duba ƙafafunsa biyun nan, in sun yi baƙi ko toka-toka holdar ta gama aiki, canza ta za'a yi, kankarewa ba ya daɗewa. Kuma guntun wayar da ke shiga holda dole ya zama mai rigar silikon mai jure digiri 180, saboda wasu ƙwayayen ta baya suke tura zafinsu. Ka kankare bakin wayar da wuƙa ma, in cikin ya fito fari to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ta fi saurin zafi.

Gyaran da na fi yarda da shi, kowane kwai a ja masa wayarsa daban daga taransifoma, kaga kowacce amfiya 4 da ɗan wani abu zata ɗauka, 1.5mm ta isa. In dole sai layi ɗaya to kar a yi ƙasa da 4mm, kuma gajere. In taransifomar ilektronik ce, mara nauyin nan, masu ƙera ta yawanci mita 2 suke cewa kar wayar ta wuce, kuma ƙaramar multimita, wato na'urar gwajin wuta, ba ta karanta volt ɗinta daidai, kar lambar ta ruɗe ka.

Ko ka koma LED mai wat 5 zuwa 7, shidan gaba ɗaya ba za su kai amfiya 4 ba, sai dai ka duba jikin taransifomar, in an rubuta mafi ƙarancin wat da take buƙata kuma LED ɗin basu kai ba zasu rinƙa kyaftawa, sai a saka direban LED, wato na'urar da aka yi don ba LED wuta, a madadin taransifomar. Wayar da ta riga ta gasu dai cire ta za'a yi ko da ka canza ƙwayayen, kuma ka samu ƙwararren mai wayarin ya yi aikin.