Tambayoyinku: Kai Iyali Yawon Buɗe Ido a Lisbon

Tambaya: Mu shida ne, ni da maigida da surukata da yara uku, autar ba ta cika shekara biyu ba. Kwana huɗu za mu yi a Lisbon, babban birnin Fotugal. Ta ina za mu fara, kuma keken tura jariri zai yi mana amfani? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, hawa da gangara ne za su fi gajiyar da ku a Lisbon, domin birnin a kan tuddai yake. Hanyoyin masu tafiya a ƙafa kuwa an shimfiɗa su da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, sawu ya goge su har suna santsi, balle in an yi yayyafi. Kowa ya samu takalmi mai gindin roba, musamman Mama.

Ku nemi masauki a unguwar Baixa ko kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Baixa shimfiɗaɗɗiya ce, titunanta miƙaƙƙu, saboda girgizar ƙasar 1 ga Nuwamban 1755, da ambaliya da gobarar da suka biyo bayanta, sun rushe ta, sai babban ministan sarki, Marquis na Pombal, ya sa aka sāke gina ta a kan tsari. Tsohuwar unguwar Alfama kuwa mafi yawanta ta tsira, shi ya sa har yau lungu ne cikin lungu da matakala, kamar yadda aka gada tun zamanin da Musulmi ke mulkin birnin, kafin Sarki Afonso Henriques ya ci shi da yaƙi a 1147. A can keken jariri kaya ne kawai, zanin goyo ya fi. Kafin ku biya kuɗin masauki ku tambaya ko akwai lifta, da yawa daga tsofaffin gidajen ba su da ita, kuma hawa na huɗu da akwatuna ba wasa ba ne.

Ƙa'idar yawon ita ce a hau tudu da mota, a sauko da ƙafa. Bas mai lamba 737 daga dandalin Praça da Figueira zai kai ku kusan ƙofar ganuwar São Jorge. Daga nan ku gangaro ta Alfama har Praça do Comércio a bakin kogin Tejo. Wannan ya isa yini guda. Wata ranar ku ba unguwar Belém: akwai gidan ibadar Kirista na Jerónimos da aka fara a farkon ƙarni na 16, inda kabarin Vasco da Gama yake, wanda ya tashi daga wannan gaɓar a 1497 ya isa Indiya a 1498. Kada ku je ranar Litinin, a rufe yake. Hasumiyar Belém kallonta daga waje ya wadatar, matakalar ciki ƙunci gare ta, ba ta dattijuwa ba ce. Rana ta uku ta yara ce: Oceanário, gidan kifayen da aka gina don baje kolin duniya na 1998. Jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauke ku a tashar Oriente, kuma wurin fili ne, keken zai yi gudu yadda kuke so.

Tambaya: Yarana sun dage sai sun hau taragon lantarkin nan na kan titi, ruwan ɗorawa, mai lamba 28. Ya cancanci wahalar? Daga wani magidanci.

Amsa: Ya cancanta, Malam, in an san lokacinsa. Taragon ƙarami ne, ƙirar shekarun 1930, kujerunsa kamar ashirin. Wanda ya je dandalin Martim Moniz, inda taragon yake tashi, da hantsi zai iya shafe awa a layi, ƙarshe ya yi tafiyar a tsaye bai ga komai ba sai kafaɗun mutane. Ku je kafin ƙarfe 8 na safe, ko ku hau daga ɗaya ƙarshen, Campo de Ourique, inda layi bai cika tsawo ba. 'Yan sane sun san taragon sarai, jaka ta dawo gaba, fasfo kuma ya zauna a masauki.

Kada ku biya a hannun direba, kuɗin ya kusa ninka na kati. Ku sayi katin Navegante a injin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ku zuba masa kuɗi ko tikitin awa 24. Kowane mutum da katinsa, kati ɗaya ba ya wuce da mutum biyu.

Tambaya: Abinci fa? Muna gudun alade, kuma ina za mu yi sallar Juma'a? Daga wata malama.

Amsa: Malama, aladen da ake gani a fili mai sauƙi ne, ɓoyayyen ne abin lura. Miyar ganye da ake kira caldo verde da yankan chouriço ake kawo ta, tsiran alade ne. Bifana, burodi da naman nan da ake sayarwa ko'ina, alade ne. Akwai girkin da ake haɗa kayan teku da alade, wasu kuma da giya ake dafa su, wasu kayan fulawa da kitsen alade, wato banha. Ku riƙe tambaya ɗaya: "Tem porco ou vinho?", ko akwai alade ko giya a ciki. Gasasshen kifi da dankali shi ya fi kwanciyar hankali, kuma a watan Yuni sardin ake gasawa a kowane lungu. Mai son nama ya nufi titin Benformoso kusa da Martim Moniz, gidajen abincin halal na 'yan Bangaladesh da Pakistan sun cika shi.

Wani abin da ke jawo gardama: burodi da zaitun da cukun da ake ajiyewa a tebur ba tare da kun nema ba, ba kyauta ba ne. In yara sun taɓa, zai fito a lissafi, in ba ku so sai ku ce a ɗauke. Kuma yawancin gidajen abinci ba sa buɗewa da dare sai wajen 7:30, ku riƙe wa yara abin taɓawa.

Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha a kan shuɗin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, ku duba jadawalin sallah na garin.

Tambaya: An ce mana Sintra, garin nan na gindin dutse kusa da Lisbon, ba ta baruwa. Za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Za a iya. Jirgin ƙasa daga tashar Rossio minti 40 ne, daga tashar Sintra bas 434 ke hawa dutsen. Kada ku ɗauki motar haya ku tuƙa da kanku, an taƙaita shigar motoci hanyar fadar Pena da ke kan dutsen, wurin ajiyewa kuma babu. Inda aka fi yin asara shi ne tikitin fadar Pena: lokacin da aka buga a jikinsa na shiga cikin fadar ne, ba na isa ƙofar lambu ba, kuma tsakaninsu hawa ne da ya kamata a ware masa rabin awa. Wanda ya makara tikitinsa na iya ƙonewa. Ganuwar Musulmi ta Castelo dos Mouros tana kusa, amma a wasu wurare katangar gefe gajeriya ce, sai an riƙe hannun yaro gam. Da ƙananan yara wuri ɗaya ya isa, kuma ku ɗauki rigar sanyi ko da bazara ce, dutsen yana yawan hazo da iska.