Amsoshin Tambayoyi: Masu Tara Tsofaffin Katunan Waya

Daga Zariya: Malam, wace ƙasa ce ta fara yin katin wayar kan titi?

Italiya ce, a 1976. Sulalla sun yi ƙaranci a ƙasar, ɓarayi kuma na fasa akwatunan waya, sai aka fito da kati mai layin maganaɗisu. Beljiyam ta biyo baya a 1977 da katin kamfanin Landis & Gyr wanda haske ke karantawa, irin da Ingila ta ɗauka a 1981. Japan ta shigo a 1982. Faransa ce ta yaɗa mai ɗan ƙarfen nan ruwan zinare, irin na katin banki.

Daga Gombe: Ina da katunan caji da na kankare cike da leda. Nawa za su yi?

Haba ɗan'uwa! Abin da ake sharewa kullum a bakin kasuwa? Da wuya ka sami mai saye.

Daga Kano: Wani ya turo min hoto a WhatsApp, wai katin Italiya na farko ne, in tura kuɗi yau kafin wani ya riga ni.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Duk mai ce maka "yau ko ka rasa" aljihunka yake hari. Kuɗin buhun shinkafa za ka ɗauka ka ba wanda ba ka taɓa gani ba saboda hoto? Jabu ya daɗe a wannan harka. A Japan, inda na'ura ke huda ƙananan ramuka a gefen kati don nuna abin da ya rage, 'yan damfara sun riƙa toshe ramukan suna sabunta maganaɗisun, har kamfanin wayar ƙasar, NTT, ya daina buga katunan yen (kuɗin Japan) 3000 da 5000. In an yi wa babban kamfani haka, kai fa?

Ka nemi hoton gaba da baya, da bidiyon katin a hannunsa. Kowane iri da alamarsa. Na Landis & Gyr yana da lamba a baya, kuma in an yi amfani da shi za ka ga tabon ƙuna a kan farin layinsa. Katunan Italiya na baya-baya sai an karye kusurwa guda kafin su shiga na'ura, don haka mai cewa nasa sabo ne dal alhali kusurwa ta tafi, ƙarya yake. Tsufa kaɗai kuma ba ya sa kati tsada; yawancinsu an buga su da ɗimbin yawa, masu tarawa a Turai tuli-tuli suke sayar da su. Abin da ke ɓata min rai shi ne saurayi ya hana kansa abinci, ya ci bashi, don kawai a ce yana da abin da babu a unguwarsu.

Daga Damagaram: Na tsinci katunan SONITEL da NITEL, tsofaffin kamfanonin waya na Nijar da Najeriya, a akwatin marigayi mahaifina. Ina tsoron kar su lalace ko a cuce ni.

Allah ya jiƙan Baba, 'yata, ki kwantar da hankalinki, ba sa lalacewa da wuri. Kar ki wanke su, kar ki ɗaure su da roba, tana narkewa ta manne a zafin nan namu. Ki sa kowanne a 'yar ledarsa, nesa da rana da laima. In wani ya taya, kar ki sallama ranar. Ki ɗauki hotonsu ki ji ta bakin mutum biyu ko uku tukuna.