Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bakwai Ya Cinye Tara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a ƙaramar sakandare. Ina so in riƙa sako wa ɗalibaina barkwanci da kacici-kacici na kalmomin Turanci masu sauti ɗaya, irin su *week* da *weak*. Amma sau da yawa in na faɗa sai aji ya yi tsit, ba mai ko murmushi. Daga ina waɗannan kalmomi suka samo asali, kuma waɗanne suka fi dacewa da wasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka da alheri kan wannan ƙoƙari. Tsit ɗin da ajinki ke yi yana da dalili: irin wannan wasa a kunne yake rayuwa, kuma ba kunnen kowa ke jin kalma biyu a matsayin ɗaya ba.

Mu fara da asalin. Yawancin waɗannan tagwayen kalmomi a da ba tagwaye ba ne, kowace da lafazinta. A Turancin shekaru 600 da suka wuce, wasalin *meet* daban yake da na *meat*, haka na *see* da *sea*. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya wuri a baki, har wasu suka haɗe. Ana cikin wannan sauyi William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa *week*, wato mako, da *weak*, wato mai rauni, suka zama ɗaya a faɗa, biyu a takarda. Wasu 'yan kalmomi suka bauɗe daga ayarin: *great*, *break* da *steak* ba su bi *meat* ba, sai suka je suka haɗu da *grate*, *brake* da *stake*.

Baƙaƙe ma sun zube. Harafin k na farkon *knight*, jarumin doki, da *know* da *knot*, da can ana furta shi, sai a ƙarni na 17 ya ɓace daga baki. Nan *knight* ya faɗo kan *night*, *know* kan *no*. Jamusanci har gobe yana furta k ɗin a kalmar *Knecht*, 'yar'uwar *knight*. Wadda ta fi burge ni ita ce *flour* da *flower*, gari da fure: asali kalma ɗaya ce da ta shigo daga Faransanci, ana nufin mafi kyawun abin da aka niƙa, daga baya aka raba musu rubutu.

Ki lura, mu namu lamarin a juye yake. Muna rubuta gari na zama da gari na niƙa iri ɗaya, tsawon wasali ya raba su a baki. Kuka na hawaye da kuka itace kuwa karin sauti ne ya raba su. Ɗalibin da ya tashi a haka ya saba kunne ne ke raba gardama. Turanci kuma ya zo yana ce masa ido ne zai raba.

To, ga inda barkwanci ke mutuwa. Akwai sanannen kacici-kacici: me ya sa shida ke tsoron bakwai? Amsa: *seven eight nine*, wanda kunne ke ji kamar *seven ate nine*, bakwai ya cinye tara. A bakin Ba'amurke *ate* da *eight* ɗaya ne cif. Amma Turawan Ingila da yawa "et" suke cewa da *ate*, kuma a bakinsu wasan ya rage armashi. A kudancin Ingila ba a furta r bayan wasali in baƙi ne ya biyo baya, don haka *court* da *caught* ɗaya ne, *sauce* da *source* ma haka, *father* da *farther* ma haka. Ki kai waɗannan Amurka ko Sukotlan, mafi yawan mutane ba za su ga abin dariya ba, tunda r ɗinsu na nan daram. Su kuma Amurkawa suna tausasa t a tsakiyar kalma har *latter* ta koma *ladder*, abin da Baturen Landan ba ya yi.

Sai wani tarko da nake roƙon ki kauce masa. *Ship* da *sheep*, *live* da *leave*, *pan* da *fan*, ba tagwaye ba ne. Mai koyo ne kawai ke haɗe su. In kika gina wasa a kansu kin ƙarfafa wa yaro kuskuren da kike son cire masa. Waɗannan darasin lafazi suke buƙata, a rana dabam.

Waɗanda nake ba ki shawara su ne masu aiki a kusan kowane karin harshe: *son* da *sun*, ɗa da rana. *Tail* da *tale*, wutsiya da labari, wanda Lewis Carroll ya yi wasa da su a littafin Alice na 1865, inda labarin ɓera ya fito a shafi da siffar wutsiya. *Sole* da *soul*, tafin takalmi da rai: a farkon wasan kwaikwayon Julius Caesar, Shakespeare ya sa wani baduku ya yi wa wani jami'i shaƙiyanci da su, ana tambayar sana'arsa yana amsawa da abin da zai iya zama gyaran takalma ko gyaran rayuka. Akwai kuma *pair* da *pear*, *piece* da *peace*, *right* da *write*. Jimlar *seven days without food makes one weak* tana da sauƙi ga 'yan ƙaramar sakandare, don ma'anonin biyu duk gaskiya ne: kwana bakwai mako guda ne, kuma mai kwana bakwai ba ci zai galabaita.

Wajen gabatarwa kuma, kada ki fara da allo. Kacici-kacicin nan na abin da yake *black and white and red all over*, amsarsa jarida, ya dogara ne ga *red*, ja, da *read*, an karanta. Da kin rubuta shi dole ki zaɓi ɗaya, kin tona asirin ke nan. Ki koyar da ma'anonin biyu tun kwana ɗaya ko biyu kafin nan, kowace a jimlarta, ba tare da kin nuna suna da alaƙa ba. Ranar wasan ki faɗa da baki, ki yi shiru, ki ba su lokaci. Wanda ya fara darawa shi za ki kira ya fito ya rubuta kalmomin biyu.