Tambaya da amsa: ina son in haɗa ƙaramin layin dogo a ɗakina a Gusau, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lafiya. Ni malamin firamare ne a Gusau. Kwanaki na ga wani bidiyo a YouTube na wani wuri a Jamus inda sunka haɗa ƴan ƙananan jiragen ƙasa suna yawo cikin garuruwa da duwatsu kamar gaske, tun daga rannan abin ya shiga raina. Ina yaro na yi motar kara da ta langa-langa, don haka aikin hannu ba baƙona ba ne. Matsalar ita ce ɗakina ƙarami ne, albashi kuma ka san yadda yake, wuta sai an ga dama amma ina da batirin sola. Mi ya kamata in fara saye, kuma abin ga zai yiwu nan wurinmu da wannan ƙura tamu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah shi saka da alheri. Wurin da ka gani ina kyautata zaton Miniatur Wunderland ne na birnin Hamburg, wanda aka buɗe a 2001, kuma ma'aikata ne birjik ke aiki a kai har yau, don haka ka kalle shi don nishaɗi kawai kar ka auna kanka da shi. Abin zai yiwu a Gusau sarai. Amma kafin ka kashe ko sisi ɗauko tef ka auna bangon ɗakinka, don wurin da kake da shi shi ne zai zaɓa maka girman jirgin da zaka saya.

Su waɗannan jiragen kowanne da ma'auninsa. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato an rage jirgin gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Sai N wanda aka rage sau 160, layinsa milimita 9. Mutanen Ingila suna da nasu OO, sau 76, amma a kan layi ɗaya yake gudu da HO. Akwai Z ma, sau 220, wannan ka rabu da shi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da shi. Don ka gane girman, mutum a HO tsawonsa kusan santimita 2 ne, a N kuma kusan 1, tarago mai tsawon mita 20 zai zo maka santimita 23 a HO. Ni dai HO nake ba mutanenmu shawara, dalilina kuwa ƙura, domin kan jirgin HO ya fi nauyi, ƙafafunsa sun fi kama layi, ɗan datti baya hana shi ɗaukar wuta kamar yadda yake hana N, sannan kayansa na hannu sun fi sauƙin samu kuma mai hannun kara zai fi jin daɗin gina gidaje a wannan girman.

To amma HO na cin wuri in kace sai jirgi ya riƙa zagaye. Kwanar da aka saba da ita inci 18 ce daga tsakiya, kaga ke nan da'ira ɗaya tana son faɗin kusan mita 1, shi yasa mutane ke ɗauko filawud guda mai ƙafa 4 da ƙafa 8 su shimfiɗa, a ƙaramin ɗaki kuwa wannan ya cinye wurin katifa, kuma in ka jingina shi da bango hannunka bazai kai can ƙarshe ba ranar da tarago ya faɗi. Abinda zan ce ka yi shi ne kanta doguwa a jikin bango, faɗi santimita 30 zuwa 40, tsawo kamar mita 2, layi ya taso daga wannan gefe ya ƙare a wancan. Kar ka ga kamar an rage maka wani abu, ai irin tashar na nan kusa da kai. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya ratsa Gusau a Kaura Namoda ya tsaya, tun 1929, a wancan zamani jirgi in ya isa Kaura ya zo ƙarshe, sai a sauke kaya a loda gyaɗa da auduga, a jera taragu a juya a koma. Wannan kai da kawon na jera taragu shi ne daɗin wasan, jirgin da ke zagaye kawai kwana biyu zaka gaji da kallonsa. Akwai ma wani tsari da ƴan Ingila ke kira Inglenook, layi 3 ne da wurin sauya layi 2, ɗaya yana ɗaukar tarago 5 sauran biyun 3 kowanne, kana da tarago 8 sai ka yi ƙuri'a ka fidda 5 da jerin da zasu bi, ka yi ta shiga da fita har ka haɗa su daidai. Jerin da zai iya fito maka ya kai 6,720, yaran makarantarka ma zasu so shi.

Wani ɗan bayani a gefe, ga mai son abin ya zama daidai da namu. Tsohon layin dogon Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne mai 1,435. Layin HO na kanti wannan babban yake kwaikwayo. In ka raba 1,067 da 87 zaka samu 12 da ɗan ɗoriya, wato na Kaura Namoda na haƙiƙa layi mai milimita 12 yake so, kuma ana yinsa, sai dai tsada da wahalar samu. A farko ka share wannan, ba wanda zai shigo ɗakinka da ruwla.

Yanzu kuɗi. Abu biyu ne ba'a yi musu rowa, layi da kan jirgi. Layi ka nemi wanda aka rubuta nickel silver a kwalinsa, na kamfanoni irin Peco ko Atlas ko Kato, domin na baƙin ƙarfe damina ɗaya zai yi tsatsa, na tagulla kuma yana dusashewa ya daina ba da wuta. Kan jirgi ka ɗauki ɗan gajere na dizal mai ɗaukar wuta da dukkan ƙafafunsa, guda ɗaya mai kyau ya fi uku na banza. Taragu kam na hannu ma sun wadatar, ka dai duba maƙalansu iri ɗaya ne, don na Amurka da na Ingila basa kama juna. Ka kula da HO na kamfanin Märklin, nasu tsarin wutar daban ne, AC, wato wuta irin ta NEPA, suke amfani da ita da ƴan ƙusoshi a tsakiyar layi, baya haɗuwa da na sauran. Jiragen roba masu batir na kasuwa kuwa na wasan yara ne, ba ma'auni gare su ba. Yawanci sai dai oda ta intanet ko saƙo hannun mai dawowa daga waje, to in daga Amurka ne a nan ake kuka, taransifomarsu ta bolt 120 ce mu kuma tamu 230, kana sokawa sai hayaƙi. Karanta jikinta tukuna, in ba'a rubuta 100 zuwa 240 ba sai da sitef-dawun.

Kai ma da kake da batirin sola baka buƙatar taransifoma. Jirgin DC na yau da kullum, wato mai aiki da wuta irin ta batir, wuta yake sha daga 0 zuwa bolt 12 ta layukan nan biyu, ƙarin wuta ƙarin gudu, in ka juya waya ya koma da baya. Je wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo ko ka yi oda, ka nemi ɗan allon rage gudun moto da ake ce ma PWM na bolt 12, da makunni mai ƙafa 6 na juya waya, shi ke nan ka haɗa abin tuƙi. Sai dai don Allah kar ka haɗa batir kai tsaye ba fiyus. Batirin sola in aka samu shot, ko da sukundireba ce ta faɗo a kan layi, wutar da zai turo ta isa ta narkar da waya ta kama katako. Sa fiyus na amfiya 1 ko 2 kusa da batirin, ko ka bi tsohuwar dabara ka jera ƙwan mota mai wat 21 a kan waya ɗaya, in shot ya faru ƙwan ne zai yi haske ya shanye wutar kuma ka gane da matsala. Akwai tsarin zamani na DCC mai tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya har da ƙara, bari sai gaba.

Katakon kantar ka sa kafinta ya yi maka firam, filawud mai kaurin milimita 9 ko 12 a sama, ka shafe shi da fenti ko banish ciki da waje har gefuna kafin komai, saboda katako na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma kar ya taɓa ƙasa ko bangon da ke da gara. Wurin shimfiɗa layi, ƙarfe na miƙewa da zafi, mita 1 na iya ƙara kusan rabin milimita tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu a ɗakin kwano, in ka matse mahaɗa gam sai ka tashi ka tarar layi ya gantsare. Bar ɗan tsaga kaurin katin waya a wasu mahaɗan. Kuma kar ka dogara da ƴan maƙalan mahaɗa su kai wuta, liƙa waya da dalma a kowane tsawon layi ka zura ta ƙasa. Kafin ka zuba ko ƙwayar yashi ta ado, ka yi sati biyu kana tura jirgi gaba da baya a hankali ƙwarai, duk inda ya yi tuntuɓe ko ya tsaya ka gyara yanzu, bayan gam ya bushe gyara sai da ɓarna.

Ƙura kuwa ba'a gama yaƙi da ita, rage ta ake. Yi ma kantar murfi, ko na leda mai kauri a kan firam ko labule, in ka tashi wasa ka goge saman layi da tsumma mara gashi da ɗan sifirit, ka goge ƙafafun kan jirgin ma. Banda samfefa, tana karce layi datti ya samu wurin zama. Man da zaka sa ma kan jirgi kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa, da yawa ƙura yake kira. In ka gama mayar da kan jirgi cikin kwalinsa, kuma kar rana ta taga ta riƙa dukan roba.

Ado shi ne inda zaka more, kusan duk kyauta ne. Tsakuwar layi yashin gulbi ne, ka wanke ka shanya ka tankaɗe da rariya, sannan ka bi shi da maganaɗisun tsohuwar sifika, zaka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai fito, wanda da ka bar shi cikin moton jirginka zai ƙare. Ka baza shi da buroshi, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sai ka ɗiga farin gam na kafintoci da aka sirka rabi da rabi da ruwa, kwana ɗaya ya daskare. Jar ƙasa ma haka. Farin soson cikin kwalin firji in ka sassaƙa ka shafe da filasta ga duwatsun Kwatarkwashi a bayan tasha. Kuka da darbejiya da giginya wayar jan ƙarfe ce ake murɗawa a buɗe rassa, ganye kuma dusar katako ko soso da aka rina, ka tuna dai kuka mai mita 15 a HO santimita 17 ce, mutane na yawan yin itace gajeru. Rumbu da zaure da shagon kwano, kwali da kara da gwangwanin madara sun isa, tsayin ƙofa ya zama kamar santimita 2 da rabi.

Maganar ƴan mutum-mutumi da ake jerawa a tasha, na san wasu na ƙyamar su saboda addini, kuma tasha tana yin kyau ba su, buhuna da amalanke da tulin itace suna nuna akwai mutane. Gero da dawa na gaske kuwa kar ka yi ado da su, ɓera da kyankyasai zasu tare a tashar, in buhun gyaɗa kake so ka murza sabulu ko yumɓu ka shafa fenti.