Ƙashi ya haɗe amma hannu bai daina zogi ba: ko zaburar da ƙwaƙwalwa zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata takwas ke nan da na karye a wuyan hannun dama. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, amma hannun bai daina ƙuna da kumburi ba, ko mayafi ya goge shi sai na yi ƙara. Na ji ana ɗora wata na'ura a ka a zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da tiyata ba. Tana aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Alamun nan sun yi kama da larurar da likitoci ke kira CRPS, wato zogi mai tsanani da ke daɗewa a gaɓa bayan rauni, wadda kan biyo bayan karaya, musamman ta wuyan hannu. Sai an duba ki ido da ido za a tabbatar. Kuma kada wani ya ce miki raki ne. Ciwon da ya wuce wata 3 yakan sauya yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙo, har taɓawa mai laushi ta riƙa isa can a matsayin zafi.

Na'urorin iri biyu ne. Ta farko, rTMS, maganaɗisu ce da ake jinginawa a ka tana bugawa ƙas-ƙas-ƙas. Anthony Barker ne ya fara nuna dabarar a Ingila a 1985. Ta biyu, tDCS, wadda Nitsche da Paulus suka farfaɗo da ita a Jamus a 2000, lantarki ce 'yar kaɗan, miliamfiya 1 zuwa 2, ta cikin soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, na kimanin minti 20. Mutum na zaune idonsa biyu, ba allurar barci. Ana nufar sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, kuma tunda hannunki na dama ne, ɓangaren hagu za a zaburar.

Suna aiki? Kaɗan, ga wasu, na ɗan lokaci. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a 2018 ta nuna rTMS na iya rage ciwo na gajeren zango, amma ragin ba shi da yawa kuma hujjar ba ta da ƙarfi. Ta tDCS ma ta fi rauni. Shi ya sa ba na so ki rataya duk fatanki a kan na'ura. A ganina zaburarwar kamar yayyafi ce mai tausasa ƙasa, shukar kuwa horon motsi ne, kuma saboda haka masu bincike ke gwada haɗa su a zama ɗaya.

Horon nan ne na fi damuwa ki fara, don hannun da ake ɓoyewa saboda tsoron zafi ƙara sandarewa yake yi. Wani mai bincike, Lorimer Moseley, ya gwada wani tsari mai hawa uku a kan masu wannan larura a 2004, kowane hawa mako 2. Da farko kallon hotunan hannaye kawai ake yi, ana tantance na dama da na hagu. Abin kamar wasa, amma masu ciwon sukan yi jinkiri wajen gane hannun da ya yi daidai da mai ciwonsu. Sai hawa na biyu: ki riƙa raya motsin a zuciya, hannu na ajiye. Na uku shi ne madubi, dabarar da wani masanin ƙwaƙwalwa, Ramachandran, ya fito da ita a shekarun 1990 don waɗanda aka yanke wa gaɓa amma suna jin ciwonta. Ki tsayar da madubi a kan tebur, hannun dama a bayansa, ki buɗe yatsun hagu a hankali kina kallon madubin. Ido zai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa hannun dama ya motsa lafiya. In zafi ya tashi sosai, a koma hawan baya, ba a yin sa da ƙarfin tsiya. Likitan fisiyo ne zai tsara miki, tare da sabar wa fatar hannun da taɓawa, daga auduga zuwa tawul.

In an ba ki damar gwada na'urar a asibiti, ki faɗa musu idan kina da farfaɗiya, ko juna biyu, ko ƙarfe a ka, ko na'urar ji da aka dasa, ko batirin zuciya, domin rTMS na iya tayar da farfaɗiya ko da yake da wuya hakan ke faruwa. Na'urorin tDCS da ake tallatawa a intanet kuwa, don Allah ki bar su. In aka ɗora soson ba daidai ba yana ƙona fata. Magungunanki ma kada ki dakatar sai da sanin likitanki.