Amsoshin Tambayoyinku: Cire Radiyetar Banɗaki a Sa Maratayin Tawul Mai Ɗumi

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga masu karatu ne da ke zaune a gidajen da ake ɗumamawa da ruwan zafi, inda boila ke tura ruwa ta bututu zuwa radiyetar kowane ɗaki. Buƙatarsu ɗaya ce: a cire radiyetar banɗaki, a sa maratayin tawul mai ɗumi, wannan mai kama da tsani, kuma mutum ya yi aikin da hannunsa.

Wani mai karatu ya rubuto: "Na ga wani maratayi mai ƙyalli a intanet, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 50. An rubuta yana ba da BTU 2,300, ga shi da araha. In saya?"

Malam, dakata tukuna. BTU ma'aunin yawan zafin da maratayin ke bayarwa ne. Koma shafin ka duba ko an rubuta Delta T nawa aka yi awon da shi. In ba a rubuta ba, ka bar musu kayansu. Delta T shi ne tazarar da ke tsakanin matsakaicin zafin ruwan da ke cikin ƙarfen da zafin iskar ɗakin. Ƙa'idar Turai ta EN 442 ta tsayar da awon a kan 50: ruwa ya shiga da digiri 75, ya fita da 65, ɗaki yana kan 20. Abin da wasu masu sayarwa ke yi shi ne su ɗauko lambar Delta T 60 ko 70 su manna a talla, don ta fi cika ido. Lambar 60 ta ɗara ta 50 da kusan kashi 27 cikin ɗari, ta 70 kuwa da fiye da rabi. Delta T 70 na nufin ruwa mai digiri 90 ke yawo cikin bututun gidanka, kuma ba mai hankalin da zai bar boilarsa a haka. Maratayi mai kurom, wato shafen ƙarfe mai ƙyalli, na girman da ka faɗa da wuya ya wuce BTU 1,500 a awon gaskiya, wato kusan wat 440, tunda wat ɗaya BTU 3.41 ne. Ninka 1,500 da ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, ka ga inda 2,300 ɗin ta fito.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin wanda aka cuta ba ya ganewa sai sanyi ya kankama. Ƙaramar radiyeta mai falle ɗaya da haƙarƙari a bayanta, santimita 60 tsawo da faɗi, tana ba da kusan wat 600. Ka cire ta ka sa abin da ke ba da 440, sannan ka lulluɓe shi da tawul biyu, me ya rage wa ɗakin? Bango zai riƙa gumi, madubi ba ya washewa, baƙin funfuna ya fara fitowa a kusurwar silin. Kuma boilolin zamani an fi son a bar su da ruwa mai sauƙin zafi, ruwan da ke komawa kada ya wuce digiri 55, don su yi tattalin gas. Ke nan ko lambar Delta T 50 ɗin ma ba lallai ka same ta cif ba. Mai amfani da famfon ɗumi na lantarki kuwa, wato na'urar da ke jawo ɗumi daga waje a madadin boila, wanda ruwansa bai cika wuce digiri 50 ba, ya lissafa rabin lambar kawai.

Ƙyallin ma da ya ja hankalinka yana da nasa hasara. Kurom ba ya sakin zafi kamar fenti. Maratayi fari ko baƙi mai girma ɗaya ya fi mai kurom ɗumama ɗaki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci fiye. In banɗakin yana da taga babba ko bango biyu na waje, sayi mai fenti, kuma mai tsawo.

Sai maganar ƙarfen. Araha ba ta ado. Masu arha ƙwarai siririn ƙarfe ne aka shafa wa kurom sama-sama, tsatsa kan fara daga wurin walda, ka ga ɗigo-ɗigo ja a mahaɗar sanduna, daga nan sai yoyo. Ɗaga shi ka ji nauyinsa, dubi waldar, nemi takardar garanti mai shekaru a rubuce. Abu ɗaya kuma da mutane ke mantawa: a wasu tsofaffin gidaje radiyetar banɗaki tana kan layin ruwan zafin wanka ne, ba na ɗumama ɗaki ba. A irin wannan layi sabon ruwa mai iska ke wucewa kullum, ƙarfe na yau da kullum ba ya daɗewa, sai tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. In radiyetarka tana ɗumi alhali ɗumama gida a kashe take, kira mai gyaran famfo ya duba layin kafin ka kashe ko sisi.

Wani kuma ya ce: "Na riga na saya, lambar ta yi daidai. Ta ina zan fara?"

Da awo. Auna daga tsakiyar bututu ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan inda suka fito. Maratayi yana da nasa tazarar, wadda takan gaza faɗinsa da santimita 4 zuwa 5, kuma ƙofofinsa na ruwa ƙasa suke kallo, ba gefe ba irin na radiyeta. In tazarar ba ta zo ɗaya ba, aikin ya zama na ɗaga daɓe ko fasa tayil a matsar da bututu, kuma a nan nake ba yawancin mutane shawarar su kira mai sana'a. Kada ka lanƙwasa bututun da ƙarfi don ya kai, mahaɗar da ke ƙarƙashin daɓe ce za ta saki, inda ba ka gani. Bututun da ya fito daga ƙasa miƙaƙƙen bawul yake so, wanda ya fito daga bango kuwa mai kusurwa. Duba kaurinsa ma: yawanci milimita 15 ne, amma akwai na 10 da na 8, su sai da 'yar mahaɗa mai rage baki.

Kashe boila, ka bar ruwa ya huce sarai. In gidan yana da ƙaramin tanki a saman rufi da ke ciyar da layin, rufe ruwan da ke shiga cikinsa. Sa tiyo a bawul ɗin zubarwa da ke can ƙasan gida, kai bakinsa waje, buɗe, sannan ka kwance 'yar kusar fitar da iska ta radiyetocin sama don ruwan ya sauka. Tunda bawuloli za ka canza, dole ruwa ya sauka ƙasa da inda kake aiki. Shimfiɗa tsofaffin tsummoki, sa faranti mai zurfi ƙarƙashin noti. Riƙe jikin bawul da sifana ɗaya, ka kwance notin da ɗaya, in ba haka ba bututun zai murɗe. Ruwan ƙarshe da zai fito baƙi ne wuluk, garin tsatsa ne, kuma in ya taɓa kafet ko layin farin siminti na tayil ba ya fita. Toshe bakunan radiyetar da tsumma kafin ka ɗauke ta.

A kan bututun za ka ga ɗan zoben tagulla da ya kama shi tam. Akwai abin zare shi na musamman. In babu, yanka shi a karkace da ƙaramin zarto a hankali, ka buɗe shi da bakin sukundireba, kada zarton ya taɓa bututun.

Haɗa maratayin a ƙasa a kan kwali don kada ya ƙarje. Wutsiyar bawul mai zaren rabin inci ita ke son farin tef na PTFE, zagaye 12 zuwa 15, ana naɗawa yadda hannun agogo ke tafiya in bakin zaren na kallonka. Aka naɗa ta baya, tef ɗin warwarewa yake yi wajen ɗaurawa. Murfin sama da kusar iska suna da zoben roba, ba su son tef, kuma ba su son ƙarfi. Ɗora maratayin a kan bawulolin, daidaita shi da ma'aunin magina, yi alamar maƙalai da fensir. Kafin ka huda, bi bangon da na'urar gano waya da bututu. A kan tayil, manna tef ɗin takarda, yi amfani da bakin huda tayil, a kashe bugun injin sai ka wuce tayil ɗin. Bangon allo ba ya riƙe filogin roba na yau da kullum da ake cusawa a rami don ya kama kusa, nemi katakon da ke ciki ko maƙalai na musamman, domin ƙarfe ne cike da ruwa, ga jiƙaƙƙen tawul, ga yara masu son lilo.

Notin bututu a ɗaure shi da hannu, sannan a ƙara rabin zagaye zuwa ɗaya da sifana. Kafin ka rufe murfin sama, zuba maganin hana tsatsa ta nan da mazurari, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Wanda ke cikin layin ya bi tiyo ya tafi, kuma rashin mayar da shi ne ke kashe famfon boila a hankali. Rufe bawul ɗin zubarwa da duk kusoshin iska, cika layin har agogon matsi ya nuna bar 1 zuwa 1.5 (bar shi ne ma'aunin matsin) ruwa na sanyi, fitar da iska daga radiyetocin ƙasa zuwa na sama, ka sake cikawa.

Gargaɗi ɗaya: in tsohuwar radiyetar ba ta da kan juyawa a ɓangarorin biyu, mai yiwuwa da gangan aka bar ta a buɗe don ruwa ya samu hanyar wucewa in sauran sun rufe. Kada ka sa mata bawul mai rufe kansa.

Wani ya tambaya: "Ba zan iya fizge tsohon bawul in sa sabo da sauri ba tare da zubar da ruwan ba?"

A'a. Sa tiyo aikin rabin awa ne, sake silin ɗin ɗakin ƙasa kuwa aikin makonni ne. Ban ga abin tattaunawa a nan ba.

Wata baiwar Allah ta rubuto cikin damuwa: "Ni na yi aikin da kaina. Yanzu saman maratayin sanyi ƙalau, agogon boila ya sauka, kuma na ga ɗigon ruwa a noti ɗaya. Na lalata gidan ne?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ki lalata komai ba, kuma kin yi ƙoƙari. Sanyin sama iska ce. Maratayi yakan zama wuri mafi tsawo a layin, iskar gidan duka nan take taruwa, har kwanaki bayan an cika. Kashe ɗumamar, riƙe tsumma, ki juya kusar iska kaɗan, za ki ji tana huci, da ruwa ya leƙo ki rufe. Fitar iskar ce ke saukar da agogon, ki ƙara ruwa ya koma tsakanin 1 da 1.5. Ɗigon kuma, share wurin ya bushe, ki naɗa takardar goge hannu don ki ga ainihin inda yake fitowa. In daga notin bututu ne, riƙe bawul ɗin ki ƙara kwatan zagaye kawai. In daga zaren da ya shiga maratayin ne, rufe bawulolin biyu, zubar da ruwan maratayin kaɗai, ki sake naɗa tef. Amma in agogon ya ci gaba da sauka bayan mako guda alhali ba ki ga ruwa ko'ina ba, to a nan ki kira mai gyara, kada ki yi ta ƙara ruwa.

Wani yana son ya sa sandar lantarki a ciki don tawul ya bushe lokacin zafi da boila ke kashe. Dabara ce mai kyau, da mahaɗa mai baki uku ake sa ta. Sashen ruwan kana iya yi, sashen wuta kuwa bar wa ƙwararren mai wayarin. Dole layin ya kasance da kariyar RCD, na'urar da ke katse wuta in ta fara zurarewa, ta miliam 30, sandar ta kasance aƙalla IPX4, wato mai jure fantsamar ruwa, in tana cikin santimita 60 daga bahon wanka, kuma wat ɗinta kada ya wuce abin da maratayin ke iya saki. Kada a kunna ta sai maratayin ya cika da ruwa, a bushe ƙonewa take yi nan take. Lokacin amfani da ita, rufe bawul ɗaya ka bar ɗayan a buɗe, domin ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, yana buƙatar inda zai je.

Mai haya da ya tambaya ko zai iya canzawa ba tare da sanin mai gida ba: nemi izini a rubuce, kuma ka ajiye tsohuwar radiyetar da maƙalanta a wuri busasshe, bakunanta a toshe, don ana iya cewa ka mayar ranar tashi.