Likita, ɗana bahago ne

Wata uwa daga Hindawiyya, Makka: Likita, ɗana mai shekara 5 da hagu yake komai. Kakarsa ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har ɗaure masa hannun take yi. Ciwo ne?

Hajiya, ba ciwo ba ne, a lallashi Kaka ta kwance masa. Cikin mutum 10 kusan ɗaya bahago ne, maza sun ɗan fi yawa, kuma daga ƙwaƙwalwa abin yake, ba taurin kai ba. Ci da dama da gaisawa da dama sunna ce, kuma motsi ne mai sauƙin koyo. In an ajiye farantin kabsa ki zauna ta hagunsa, ki sa masa kofin ruwa ta dama, ki riƙa tuna masa a hankali ba tsawa. Alƙalami kuwa a bar masa a hagu, domin tilasta shi kan jawo rubutun kaza da tsanar makaranta.

Ai ma a nan ya yi sa'a. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, hannunsa na gaba rubutu na biye, ba ya shafe tawada. A boko ne gefen tafinsa ke bin layi yana dama abin da ya rubuta, sai ki ga ya lanƙwasa wuyan hannu kamar ƙugiya, ya yi ta kukan gajiya. Ki karkata kan takardar zuwa dama, ya riƙe biro kamar santimita 3 daga bakinsa, haske ya zo ta dama. A aji a zaunar da shi ƙarshen benci na hagu, kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabci.

Wani uba daga Madina: 'Yata wata 8, da hagu kaɗai take kai hannu, dama kullum a dunƙule.

Malam, wannan kam ba zan kira ta bahaguwa ba tukuna. Jariri da hannu biyu yake wasa, zaɓin hannu yakan zauna ne tsakanin shekara 2 zuwa 4. Wanda ya fifita ɗaya kafin ya cika shekara, sau da yawa ɗayan ne ke da rauni, daga ƙwaƙwalwa ko jijiyar kafaɗa da ta ji ciwo wajen haihuwa. Ka kai ta wurin likitan yara cikin makon nan, gashin ƙashi da wuri ya fi amfani.

Wani tela daga Jidda: An ce mu bahagwai ba ma daɗewa a duniya, an kuma ce mun fi basira. Ga almakashi na cin yatsana.

Batun gajeren kwana wani bincike ne na Amurka a 1991, kuma lissafinsa ya karkace: tsofaffin bahagwai tun suna yara aka mayar da su dama, shi ya sa ba a gan su a ƙidaya ba. Basira kuma babu bambancin a zo a gani. Inda kuka ci riba shi ne dambe da ƙwallon tanis, don abokin karawa bai saba da bugu ta wannan gefen ba.

Almakashin dama in ya shiga hagu, matsin yatsu raba kaifin yake yi maimakon haɗa su, yadi ya lanƙwashe, layin alli ya ɓuya. Nemi na bahago na gaske, wanda aka juya kaifinsa, ba mariƙi kaɗai ba.